DUBAN KEKE KAFIN DOGON TSERE

Jawabi ga Hakimai da Malaman Hakimai na ƙasar Kazaure, game da samarin Gwiwa da maƙwabtansu masu hawan keken dutse

 

Maganar da ke cikin wannan jawabi maganar keke ce. Watakila wani ya ce, me ya haɗa Hakimi da sarƙar keke, ai wannan sha'anin yara ne da masu faci na bakin kasuwa. To, gaskiya ne Hakimi ba zai riƙe sifana ba. Amma duk ran da aka shirya tsere mai nisa, ko samarin gunduma suka ɗaura niyyar doguwar tafiya bisa keke, a ƙofar Hakimi za a nemi izini, da sunan gundumarsa za a kira yaran, in kuwa wani ya faɗi a gangare ya karye, ƙofar nan ce uban yaron zai fara zuwa. Saboda haka ya kamata Hakimi ya san abin da zai tambaya kafin ya ce a tafi, Malaminsa kuma ya san abin da zai rubuta.

Aikin ba baƙo ba ne ga gidan sarauta. Babu Hakimin da zai yarda a kawo masa doki ran hawan Salla ba a duba kofatonsa ba, ba a ja majayi an ga ƙarfinsa ba, ba a laluba bayansa ƙarƙashin sirdi an ga ko da miki ba. Yaran barga kuwa ba da asubar hawa su ke fara wannan ba, tun da sauran kwanaki su ke yi. Abin da a ke nema ga dokin ƙarfe ke nan, ba daɗi ba ragi. Bambanci ɗaya ne kawai: doki in ƙafarsa na ciwo ya kan yi ɗingishi mai shi ya gani, keke kuwa ya kan yi shiru da cutarsa har ranar da zai kā da mutum.

Ƙasar da za a bi

Gwiwa na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 4 na masarautar Kazaure, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, a kusurwar arewa maso yamma ta Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Ko da ya ke sunan jihar na tuna wa mutum rairayi, wannan kusurwa ƙasar duwatsu ce. Wanda ya tashi daga Gwiwa ya nufi Roni ko Kazaure, in ya bar kwalta ya bi hanyar ƙauye, zai gamu da tudu da gangare, da tsakuwa mai kaifi, da kwazazzaban da ruwan damina ya zaizaye. Wanda ya miƙe gabas wajen Babura, ta masarautar Ringim, rairayi ne zai riƙe masa taya. Ƙaya kuwa ba ta bar ko'ina ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin ɓarnar da ya ke wa keke: tsakuwa ta yanka taya, gangare ya cinye birki, rairayi ya ci sarƙa, girgizar hanya ta kwance noti.

Dattawa sun saba da baƙin keken nan mai giya ɗaya, irin su Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, wanda ya karɓu a ƙasar nan har aka yi masa masana'anta a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin. Wanda samari ke hawa yanzu dabam ne. Tayarsa kauri gare ta da haƙora, kansa miƙaƙƙe ne, giyarsa da yawa, galibi kuma fok ɗinsa na gaba na da shokazoba mai shanye girgiza. Shi a ke kira keken dutse. Da yawansu na hannu ne, an yi ta hawansu a wata ƙasa kafin su iso kasuwa, ba wanda ya san irin wahalar da suka sha can. Wannan kaɗai ya isa dalilin dubawa.

Asalin keken nan daga Amurka ne, a yankin Marin na Jihar Kalifoniya. Cikin shekarun 1970 waɗansu samari, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara tsere da agogo bisa wata hanya mai tsawon mil 2, wadda ke gangarowa ƙafa 1,300. Birkin kekunan nan a cikin cibiyar wilin baya ya ke, kafin a kai ƙasa sai ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone ya riƙa hayaƙi, tilas a buɗe a sāke cusa sabo kafin a koma. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, ma'anarsa kuwa sāke cusawa. Abin lura ne ƙwarai, tseren da ya fi kowanne suna a farkon tarihin keken dutse, sunan aikin mai gyara aka sa masa. Shekara 20 bayan haka, a 1996, aka shigar da tseren keken dutse cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta.

Akwai kuma tsere na jimiri, wanda ba gudu kaɗai a ke gwadawa ba, har da daɗewa bisa sirdi. Na garin Leadville a Jihar Kolorado, wanda aka fara a 1994, mil 100 ne cikin yini ɗaya a kan duwatsu. Na Afirka ta Kudu da a ke kira Cape Epic, wanda aka fara a 2004, kwana 8 a ke yi, mutum bibbiyu, tafiyar wajen kilomita 700. A irin wannan nisa, ƙaramin aibin da mutum zai yi shekara da shi tsakanin gida da kasuwa bai damu ba, shi ne ke girma ya zaunar da shi a daji.

Hakimai za su so labarin wani Bafaranshe, Eugène Christophe. A 1913, cikin babban tseren zagayen Faransa, yana daga cikin waɗanda a ke sa wa ran nasara, sai fok ɗin kekensa ya karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet, cikin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen. Dokar tseren a lokacin ta hana kowa taimakon ɗan tsere wajen gyara. Ya saɓa keken a kafaɗa ya yi tafiyar wajen kilomita 10 a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya yi ta dukan ƙarfe da hannunsa sa'o'i, alƙalan tsere na tsaye suna kallo. Da ya gama sai aka ci shi tara, aka ƙara masa mintoci bisa lokacinsa, wai don wani yaro ya yi masa zuga. Duk da haka ya hau ya ci gaba, ya gama tseren a na 7. Yanzu an sassauta wannan doka, a tseren keken dutse a kan ajiye masu gyara a waɗansu zangogi. Amma tsakanin zango da zango har yanzu mutum da kekensa ne, da abin da ya ɗauko cikin jaka.

Wanki

Farkon aiki wanki ne. Yawancin mutane sun ɗauka a kan wanke keke don ya yi ƙyalli ran taro. Amfanin da ya fi wannan shi ne, datti na ɓoye aibi, mai wanki kuwa tilas hannunsa da idonsa su bi kowane lungu. Saboda haka wanda zai hau shi ya kamata ya wanke da kansa, kada ya miƙa wa ƙanensa ya tafi hira.

Bokitin ruwa da sabulu da tsumma da tsohon buroshi sun isa. A fara jiƙa taɓo ya yi laushi, kada a goge shi a bushe ya kankare fenti. A wanke daga sama zuwa ƙasa. Kada a kai keke wurin wankin mota a sa masa injin feshi, gama ƙarfin ruwan na kutsawa cikin cibiyar wili da gindin feda da wuyan keke, ya kore giris, ya bar ruwa da yashi a kan boris. Keke zai fito tas a ido, bayan mako biyu ya fara kuka.

A nan akwai wata al'ada da ya kamata Hakimai su tsawata a kai. Samari na son nannaɗe firam da leda da tef masu launi, wani ma ba ya cire takardar da aka naɗo keken da ita tun daga kanti. Ado ne, ba laifi ran kasuwa. Amma kafin dogon tsere lalle a warware duka, domin ƙarƙashin naɗin nan ne tsatsa ke ci, nan ne kuma tsaga ke ɓuya, kamar yadda jalala ke rufe mikin bayan doki. In an warware an wanke an shanya, sai a kai keken cikin haske a bi wuraren walda ɗaya ɗaya: inda wuya ya haɗu da firam, gindin sirdi, gindin feda, da inda wilin baya ke zama. Tsaga ta kan fara ne kamar silin gashi cikin fenti. Firam na baƙin ƙarfe ya kan lanƙwashe ko ya yi tsatsa ya ba da sanarwa, mai walda kuma na iya ɗinke shi. Na alminiyam kuwa, wanda shi ne galibin kekunan dutse, in ya fara tsagewa ba ya daɗewa ya ke rabuwa biyu, mai waldar bakin hanya kuma ba shi da maganinsa. Keken da aka ga tsaga a wuyansa ko a fok ɗinsa ba shi da zuwa tsere, ko na ɗan wane ne, ko da an riga an buga sunansa. Nan ne a ke bukatar Hakimi, gama mai gyara ba shi da bakin da zai hana ɗan babban gida hawa.

Sarƙa

Babu abin da a ke zalunta a jikin keke kamar sarƙa. Abin da aka saba shi ne a sami ragowar baƙin man da aka juye daga babur a kwarara mata har ya riƙa ɗiga. Mai shi na ganin ya kyauta. Amma baƙin mai ya riga ya ɗauko garin ƙarfe daga inji, in ya haɗu da ƙurar hunturu da rairayi sai ya zama kamar dutsen wāshi, ya riƙa cin sarƙa da haƙoran giya a kowane juyi na feda.

Yadda ya kamata shi ne a wanke sarƙa da kananzir da buroshi, a sāke har kananzir ya daina fitowa baƙi, a sa tsinke a ciro dattin da ya daskare tsakanin haƙoran baya da kan 'yan wilin nan biyu na ƙarfen sauya giya. A bar ta ta bushe sarai. Sa'an nan a ɗiga mai mai tsabta, ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ana juya feda baya sannu sannu. A jira kaɗan ya shige ciki, sa'an nan a sa tsumma a goge na waje duka. Wannan gogewa ita ce mutane ke ƙi, suna ganin asarar mai ce. Alhali man da ke aiki shi ne wanda ya shiga cikin gaɓa, na waje ba abin da ya ke yi sai kiran ƙura. Da rani mai marar kauri ya fi, da damina mai ɗan kauri, don kada ruwa ya wanke shi.

Sarƙa kuma ta kan tsufa, tsufanta kuwa ana iya auna shi, Malamin Hakimi ma na iya yi da rular ƙarfe ko tef na kafinta. A sabuwar sarƙa, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne daidai. Saboda haka in an sa farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, sarƙa na miƙe, alamar inci 12 za ta faɗa a tsakiyar wata ƙusar cif. In ƙusar ta zarce alamar da kashi 1 cikin 16 na inci, sarƙa ta isa canji. In ta zarce da kashi 1 cikin 8, to, ta riga ta ci haƙoran baya, tilas a canja su tare. Wanda ya sa sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora zai ji tana tsallake duk sa'ad da ya taka da ƙarfi a kan tudu, wannan tsallake kuwa ya kan sa ƙafa ta zame mutum ya faɗa kan firam. Kada a auna da tef na tela, gama shi kansa ya kan miƙe.

Bayan haka a ɗaga wilin baya a bi giya duka, hawa da sauka. Kowace ta shiga da taɓawa ɗaya. A tsaya bayan keke a dubi ƙarfen sauya giya: in ya karkata ciki, alama ce keken ya taɓa faɗuwa ta wannan gefe, ranar da aka sa babbar giya ta hawan tudu zai iya shiga cikin wayoyin wili ya kakkarye su.

Birki

In sarƙa ta tsinke an rasa tsere, in birki ya ƙi a gangaren dutse ana iya rasa rai. Don haka ko an yi sassauci a wani wuri, ba a yi a nan.

Birki iri biyu ne a kekunan nan. Na farko shi ne mai roba biyu masu matse rim. A dubi robar: tana da 'yan tsagi a fuskarta, in sun shafe ta ƙare. A cire tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfen da suka nutse cikinta, don su ne ke cin rim. A tabbata robar na sauka bisa rim sosai, ba ta taɓa taya, gama in ta goga a gefen taya za ta yanka ta. A bi wayar birki daga hannu har ƙasa, in an ga ko sili ɗaya ya tsinke, ko tsatsa ta kama, a canja ta. Waya ba ta da tsada.

Na biyu shi ne mai faifai, wanda ke tsakiyar wili. Ya fi kamu, musamman cikin ruwa da taɓo, amma ba ya shiri da mai ko kaɗan. Ɗigo ɗaya na man sarƙa, ko hannu mai maiƙo, in ya taɓa faifan ko 'yan takalman da ke matse shi, birki zai riƙa ƙara ba ya kamawa, galibi kuma sai an canja takalman. Saboda haka mai shafa wa sarƙa mai ya rufe faifai da tsumma mai tsabta. A cire wili a leƙa takalman, in abin da ya rage a kansu bai kai kaurin milimita 1 ba, kada a tafi da su tafiya mai nisa. Faifan kansa a kan rubuta a jikinsa iyakar sirantar da zai yi kafin a yar da shi. In birkin na mai ne, ba na waya ba, a matsa hannunsa a ji: ya kamata ya tsaya da tauri tun bai kai kan keke ba. In ya yi laushi kamar soso, iska ta shiga, sai mai gyaran da ya san aikin. Man birkin nan iri biyu ne, ba a gauraya su. Na kamfanin Shimano ba ya karɓar irin man birkin mota, in an zuba masa robobin ciki za su lalace. A karanta abin da aka rubuta bisa murfi.

Sabbin takalman birki ba su kamawa sosai ran farko. Sai an hau an yi ta gudu ana tsayawa, sau 20 ko fiye, a fili marar haɗari, kafin su saba da faifai. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ba a gyaran birki a jajibirin tsere.

Taya

A bi taya da ido da yatsa, ciki da waje. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta magarya, da 'ya'yan tsidau masu kwanciya a hanya, su kan karye cikin roba su zauna, ba su huda tif ran nan ba sai an yi ta tafiya suna nutsawa. Tif shi ne robar ciki mai riƙe iska. Wanda ya yi faci bai laluba cikin taya ya cire ƙayar ba, zai sāke faci kafin ya yi mil guda. A dubi gefen taya kuma, in rana ta busar da shi ya tsattsage, ko zare ya bayyana, a canja. Tif mai faci 5 ko 6 a bar shi na zuwa gona.

Yawan iska a rubuce ya ke a gefen kowace taya, mafi ƙaranci da mafi yawa. Samari na son su cika ta har ta yi tauri kamar dutse, suna tsammani nan gudu ya ke. Bisa kwalta da ɗan gaskiyarsu. Amma bisa tsakuwa taya mai tauri tsalle ta ke yi ba ta kama ƙasa, cikin rairayi kuma nutsewa ta ke. A rage kaɗan. In kuma an rage ƙwarai, dutse zai matse tif da rim ya yi masa huda biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Kada a jingine keke cikin ranar bazara da taya cike, gama zafi na ƙara wa iska ƙarfi. Akwai kuma tayar da ba ta da tif, wadda a ke zuba wa wani ruwa mai toshe huda da kansa. Tana da kyau ƙwarai a ƙasar ƙaya, sai dai ruwan na bushewa cikin 'yan watanni, a ƙasa mai zafi ma ya fi saurin bushewa, sai a duba a ƙara.

Wani abu ƙarami da ke kunyata mutane shi ne girman wili da irin bawul. Baƙin keken da aka saba inci 28 ne. Na dutse kuwa akwai mai inci 26, da 27.5, da 29. Bawul ma iri uku ne: irin na tsohon keke, da mai kauri irin na mota, da siriri mai ɗan noti a kai. Sau da yawa yaro ya kan ɗauki tif na ajiya da famfo, sai a daji ya tarar tif ɗin ba girman wilinsa ba ne, ko famfon bai shiga bawul ba. A gwada su tun a gida.

Sauran dubawa ba ta da wuya. A juya wili a ga ko yana rawa. A kaɗa wayoyinsa da yatsa kamar mai gwada tsirkiyar garaya, wadda ta saki za ta yi amo dabam. A riƙe wili a girgiza shi gefe da gefe, haka feda, in an ji motsi boris ya saki ko ya ci. A matsa birkin gaba a tura keke gaba da baya, in wuya na ƙwanƙwasa a ɗaure shi. A goge sandunan shokazoba, in mai na tsiyaya a kai wa mai gyara. A bi notuna duka da sifana, a ɗaure ba tare da an murɗe su har su lalace ba, a tuna kuma fedar hagu a bai-bai ta ke ɗauruwa. Wilin da a ke kullewa da ɗan hannu maimakon noti, hannun ya kamata ya rufu da ƙarfi har ya bar sawu a tafin mai rufewa.

Lokacin yin aikin, da rabon Malamin Hakimi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Babban wanki da babban dubawa mako guda kafin tsere a ke yinsu, domin in an ga abin canji a sami sararin nemo shi. Takalmin birki mai faifai ko tif mai inci 29 ba lalle ne a same shi a kasuwar ƙauye ba, watakila sai an aika Kazaure, ko a bi hanyar Dambatta har Kano. In an gama gyara, saura kwana 3, a hau keken a yi tafiyar sa'a ɗaya ko biyu bisa irin ƙasar da za a bi, da tudunta da gangarenta, a dawo a sāke bin notuna. Daga nan an rufe gyara. Kada a sa sabon sirdi, ko sabon takalmi, ko a ɗaga kan keke a jajibiri, ko da kyauta aka kawo. Abin da jiki bai saba da shi ba, a mil na 30 zai fara cizo.

Keken aro ma haka. Ba abin kunya ba ne: a wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta Nijeriya da keken da ƙungiyar Jamus ta ba ta aro ta shiga tseren cikin fili. Amma a karɓo shi da wuri, a duba shi kamar sauran, a daidaita sirdi da tsawon mai hawa, yadda in ya ɗora diddige bisa feda tana can ƙasa ƙafarsa za ta miƙe.

Rabon Malami shi ne littafi. Ya rubuta sunan kowane yaro da na ubansa da unguwarsa, da irin kekensa da lambar da ke buge ƙarƙashin gindin feda, wadda za ta yi amfani kuma in an sace keken. Ya rubuta ranar da aka duba, da abin da aka samu, da abin da aka canja. Hakimi ya zaɓi mai gyara guda wanda aka san shi da gaskiya, a biya shi ladan dubawa dabam, don kada abincinsa ya rataya ga yawan kayan da ya sayar, kada kuma ya ji nauyin cewa keke bai isa ba. Dagatai da masu unguwannin da hanya ta ratsa ƙasarsu a sanar da su ranar, su kau da dabbobi da yara daga gangare, su ajiye ruwan sha a zangogi.

Da asubar tsere abu kaɗan ya rage: a taɓa iska, a matsa birki biyu, a duba makullin wili, a ɗaga keke kaɗan a sake shi a ji ko wani abu na ƙara. Sa'an nan kowane yaro ya buɗe jakarsa gaban Malami, a ga tif na ajiya, da famfo, da faci da sholisho, da ƙarafan ɓamɓare taya, da sifanar da ta dace da notunan kekensa, da gaɓar sarƙa ta ajiya, da gorar ruwa cike. Wanda ba shi da hular kwano kada a rubuta shi cikin masu tashi. In an tashi Malami ya koma inda za a ƙare da littafinsa, ya riƙa sa alama ga kowane suna sa'ad da mai shi ya iso, a kuma ajiye mota ko babur mai bin bayan na ƙarshe. Kada a rufe littafi sai an ga kowane suna da alamarsa.